Kiɗan da Na Yi wa Ɗan Baƙo a Gadon Baya

Ɗan Baƙo ya rasu da rani, ana tsakiyar ɗibar tumatir. Saura kwana huɗu ya cika na yi masa ƙarya, kuma a kanta ya tafi. Shi ne uban girkata, wato shi ya shigar da ni bori, shi ya koya mini duk abin da na sani a cikinsa. Abokina ne kuma. Ban yi wani ba bayan shi.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Lokacin da na tashi babu kanal a ƙasar nan. Tsakanin Kura da Bunkure daji ne da fadama da gonakin dawa. In an gama kaka kowa sai ya zauna, ban da masu lambu a bakin rafi, su kuma da jigo suke ban ruwa. Kukan jigon nan ne yake tashin mutum da safe, ya yi ƙara in ya sunkuya, ya yi ƙara in ya ɗago, sannan ka ji ruwa yana bin fangali. Mu kiwo muke yi. Shanun babana ba su da yawa, amma sun ishe mu nono da taki. Aikina in ɗaure maruƙa, in kora manyan rafi, in yanko ciyawa, in dawo da su kafin rana ta faɗi. A bakin rafin akwai wata tsamiya. Ba a sararta, ba a fitsari a gindinta, kuma tsofaffi sukan ce in rana ta take tsaka a bar wa masu wuri wurinsu. Ni ban bari ba. Ina saurayi mai ji da ƙarfi na kwanta a inuwarta da tsakar rana, na tashi ƙafata ta hagu ba ta ɗaukata, bakina ya karkace. An yi rubutu na sha, an yi turare, an yi tsaga. Wata uku ina jan gindi. Sai wata gwaggona ta ce a daina wahala, a kai ni wurin Ɗan Baƙo.

Na ɗauka tsoho zan gani. Na tarar da wani siririn mutum, bai fi shekara goma ya ba ni ba, yana tsugune yana ɗinkin guga, yana tsokanar matan da suka zo sayen albasa. Ya ɗaga kai ya tambaya ko wannan ƙaton ne aka ɗoro a jaki kamar buhun gero. Ya tambayi sunana, ban amsa ba. Ya sake tambaya, ban amsa ba. Ya ce to shi ke nan, Bebe. Da sunan nan ya kira ni har ya mutu. Kwana bakwai na yi a ɗakinsa, yana ba ni wani jiƙo wanda har yau in na tuna ɗacinsa sai yawu ya cika mini baki. Rana ta bakwai aka kira masu garaya, aka yi kiɗa, na miƙe. Masu cewa ƙarya ne su je su yi ta faɗa. Ni dai a jaki na zo, da ƙafata na koma.

Ga abin da ya fara koya mini. Kowace iska da kiɗanta, in ba a kaɗa mata nata ba, ba ta zuwa. Wanda iska take hawa ana ce masa doki, kuma doki ba ya sanin abin da mahayinsa ya faɗa da bakinsa. In mahayin zai sauka sai dokin ya yi atishawa uku, ya farka kamar wanda ya tashi daga barci, ya tambayi na kusa da shi me aka ce. Saboda haka kowane doki yana da mai riƙe shi, wanda zai tare shi kada ya ji ciwo, ya lulluɓe shi da zane, ya adana maganar ya ba shi in ya dawo hayyacinsa. Ni tawa iskar ba ta daɗe da ni ba, ta hau ni 'yan shekaru ta ƙyale ni. Sai na zama mai riƙe Ɗan Baƙo. Shi Sarkin Rafi ne yake hawansa, mai ruwa da fadama, mai zafin rai. In ya zo, siririn mutumin nan sai maza uku sun taru a kansa. Ya yi tsalle ya faɗo da gindi, ya kwashi ƙasa ya watsa wa kansa, muryarsa ta koma kamar daga ƙasan rijiya take fitowa. Sau ɗaya Ɗan Baƙo ya gaya mini dalilin da ya sa ya zaɓe ni, bai sake ba. Ya ce ba don ƙarfina ba ne, don ba na ƙara wa magana gishiri ne. Ya ce abin da Sarki ya faɗa, ko zaginsa ne, in kawo masa shi yadda yake. Haka kuwa na yi shekara da shekaru. Akwai ranar da Sarki ya ce dokinsa marowaci ne, zakara mai ido ɗaya ya yanka masa. Da ya farka na faɗa masa a gaban mutane. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi gaskiya ne, shi ya zaci ba za a lura ba.

Zamanin nan mun yi yawo. In an kai amfani gida sai a fara aiko mana, wannan 'yarsa ba ta barci, wancan matarsa tana ta ɓari, wani ya warke zai cika alkawari. Mu tafi a ƙafa har Madobi, har Dawakin Kudu, shi a gaba yana surutu, ni a baya da jakar kayan Sarki. A share fili, a shimfiɗa tabarmi, mata su kife ƙwarya suna bugawa, masu garaya su zauna a gaba. Tun daga nesa kana jin kiɗan a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka. In lokacin salla ya yi a tsaya a yi salla. Muna azumi kamar kowa. Ɗan Baƙo yakan ce Allah ne mai warkarwa, waɗannan maƙwabta ne kawai da ba a gani, kuma wanda bai iya zama da maƙwabci ba gidansa ba ya lafiya. Yanzu in ka faɗi haka a majalisa sai a tashi a bar ka kai kaɗai.

Sai katafila ta zo. Aka baje daji, aka daidaita ƙasa, aka ja kanal, ruwan madatsar Tiga ya shigo. Tsamiyar nan a wuni ɗaya aka tumɓuke ta. Ba zan ce kanal sharri ba ne. Wanda da ba ya ganin shinkafa sai da salla, yanzu kajinsa ma sun ƙoshi da ita. Amma burtali ya toshe, ko'ina shuka, rani da damina. Shanunmu wasu aka sayar, wasu suka ci ciyawar da aka yi wa feshi. Matata ta mutu, 'ya'yana biyu suka bi ta, na ukun ya yi kudu, labarinsa ma sai jefi-jefi. Na koma ɗaukar kwandon tumatir a ka. Kukan jigo ya ɓace, injin ban ruwa ya maye gurbinsa, shi kuwa ba ya numfashi. Lambun Ɗan Baƙo ya shiga cikin abin da aka baje, wanda aka ba shi a madadinsa ya yi masa nisa, sai ya kama aiki a wani injin casar shinkafa a Kura. Shekaru ya yi a tsaye a gindin injin nan daga safe har yamma. Ƙarar ta cinye masa kunne, ƙurar ta zauna masa a ƙirji.

Ban gane ya kurmance gaba ɗaya ba sai a wani wasa. Aka juya kiɗa zuwa na Sarkin Rafi, kowa ya zuba masa ido, shi kuwa yana zaune yana kallon ƙasa. Aka maimaita, bai motsa ba. Mata suka fara raɗa. Ina bayansa a zaune, ban san lokacin da na ɗora yatsuna a gadon bayansa ba, na fara buga masa kiɗan yadda garaya take kai shi. Ba a jima ba na ji tsokar bayansa ta ɗauki rawa. Sarki ya zo. Tun daga ranar haka muke yi, masu garaya suna kaɗawa a gaba, ni ina mayar masa a baya. Mutane suna ce mana kurma da bebe. Shi ma yana taya su, yana cewa in aka haɗa mu biyu an sami mutum ɗaya cikakke, sai dai mummuna. Magana kuwa a leɓe yake karanta ta, sai ka fuskance shi ka yi a hankali.

Daga baya zamani ya sake juyawa. Shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, aka hana kiɗan bori a fili. Lasifika a kowace unguwa, kaset ɗin wa'azi a kowane shago. Ni ba a taɓa dukana ba, ba a taɓa ɗaure ni ba. An dai daina gaishe mu a kan hanya, ana biyowa ta bayan gida neman magani. Masu garaya suka watse. Wasu suka kama acaɓa, wasu suka tuba, wasu suka mutu. A wannan tsakanin ne ciwon ƙirji ya kwantar da Ɗan Baƙo, ƙafafunsa suka kumbura, tari ya hana shi sakat.

Ya aika aka kira ni. Ya ce ba mutuwa ce take damunsa ba, Ladi ce. Ladi ita kaɗai ta rage masa a 'ya'ya. Tana aure a wani ƙauye kusa da Bunkure, mijinta malamin islamiyya ne, mutumin kirki, 'ya'yansu huɗu. Ya tuna mini abin da na riga na sani. Sarkin Rafi jini yake bi. Uwar Ɗan Baƙo yake hawa da farko, ta mutu farat ɗaya ba a yi sallama da shi ba, sai ya faɗo kan ɗanta, ya yi shekara yana gudu a daji yana cin laka kafin a samu wanda ya girka shi. Ya ce a da akwai masu girka. Yanzu in ya faɗo kan Ladi wa zai yi mata? Mahaukaciya za a ce, a sa mata mari a ƙafa, 'ya'yanta suna kallo. Abin da yake so, a kira Sarki sau ɗaya tak, a ba shi zakaransa da kayansa, a roƙe shi ya saki gidan. Ya kama hannuna ya ce, “Bebe, nemo mini mai garaya. Ba ni da kwanaki da yawa.”

Na je Madobi, na tarar wanda muka sani ya rasu. Na je Dawakin Kudu, na tarar 'ya'yan na can sun fasa garayar ubansu sun hura wuta da ita. Saura Sale. Sale ya fi shekara ashirin yana yi mana kiɗa, yanzu ya tara gemu yana sayar da irin albasa a bakin titi. Na tsuguna kusa da shi na faɗa masa. Ya ce ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ba zai ƙara kaɗa tsirkiya ba, so nake rantsuwa ta ci shi? Na tambaye shi ko garayar tana nan. Ya duba hagu da dama, ya ce tana cikin rumbu a ƙarƙashin dawa, hannunsa ya kasa fasa ta. Nan ne shawarar ta zo mini, kuma tawa ce, ba ta Sale ba. Na ce masa ai Ɗan Baƙo kurma ne. Ka riƙe ta kawai a gabansa kana motsa hannu, kiɗan ni zan yi a bayansa kamar kullum. Sale ya kalle ni ya ce ashe bebe ma ya iya makirci. Ya ce shi dai a kan kaɗawa ya rantse, bai rantse a kan riƙewa ba. Amma sai ya sassauta tsirkiyoyin gaba ɗaya, don ko hannunsa ya goga kada su yi ƙara.

Muka zaɓi ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da gonaki ba kowa. Na goya Ɗan Baƙo har inda tsamiyar nan take a da. Yanzu kusurwar gonar masarar wani ce, a gefen ƙaramin kanal, masarar ta fi tsayin mutum. Na shimfiɗa tabarma, na jera rigar Sarki da hularsa da 'yar sandarsa, na ɗaure zakara wake-wake a gefe. Sale ya zauna a gaba da garaya a cinya. Ɗan Baƙo ya dube shi ya ce, “Ustazu, gemun nan zai bari ka ga tsirkiya kuwa?” Sale ya yi yaƙe, idonsa ya kawo ruwa. Ya fara kai hannu yana komowa a kan iska. Ni kuma na zauna a baya na fara bugawa. Bayan nan da na sani da tsoka ya zama ƙashi zalla. Ba abin da ake ji sai gudun ruwa a kanal, da wani inji can nesa, da yatsuna a kan haƙarƙarinsa.

An daɗe ba abin da ya faru. Har na fara cewa a raina gara haka, mu koma gida in ce jikinsa ne ba ƙarfi. Sai na ji rawar nan a ƙarƙashin hannuna. Mutumin da ba ya iya zama sai an tallafe shi ya miƙe a kan gwiwoyinsa, ya kwashi ƙasa da hannu biyu ya watsa a kansa. Muryar ta fito. Na zagayo gabansa na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, Sarki, dokinka ya tsufa, ga zakaranka, ga kayanka, muna roƙo ka sallami gidan nan, ka bar Ladi. Ya juya ya kalli Sale, ya kalli garayar, sannan ya dawo da idon kaina.

“Dokina ne kurma,” in ji shi. “Ni ba kurma ba ne. Ku ɗauke zakaranku. Ban sallami kowa ba.”

Na faɗi ina ba da haƙuri. Na juya na ce wa Sale ya ɗaure tsirkiyar don Allah ya kaɗa. Sale bai yi musu ba, ya manta da rantsuwa, ya kama ja. Ko guda ɗaya bai gama ɗaurewa ba na ji atishawa. Ta biyu. Ta uku. Ɗan Baƙo ya zubo a jikina ba nauyi, kamar dami na kara.

Na lulluɓe shi, na goge masa ƙasar fuska. Da ya buɗe ido ya kamo haɓata ya juyo da bakina saitin idonsa.

“Bebe, me ya ce?”

Sale ya juya mana baya. Shekarun da na yi ina riƙe mutumin nan ban taɓa rage masa kalma ba, ban taɓa ƙarawa ba. Na ce, “Ya karɓa. Ya saki Ladi.”

“Sake faɗa.”

Na sake faɗa. Ya daɗe yana kallon bakina. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ya ce to me nake jira da zakaran. Na yanka shi a bakin kanal, ruwa ya tafi da jinin. A hanyar komawa ya yi barci a bayana.

Washegari Sale ya zo ya same ni. Ya ce ya ɗaure tsirkiya, a sake, wannan karon zai kaɗa da gaske, ya yi kaffarar rantsuwarsa daga baya. Amma kafin a sake dole in gaya wa Ɗan Baƙo cewa ƙarya na yi masa, kuma na san jikin nan ba zai ɗauki hawa na biyu ba, a tabarmar zai mutu. Duk da haka sau biyu ina zuwa da niyyar faɗa. Na farko na tarar yana barci, irin barcin da ya yi watanni bai samu ba. Na biyu na tarar Ladi ta zo, tana ba shi kunu da ludayi, yana tsokanarta wai kunun mijinta ma ya fi nata gishiri, tana dariya tana cewa Baba wa yake sa gishiri a kunu. Ya hango ni a bakin ƙofa ya ce mata ga Bebe nan, ta riƙe ni da kyau, ba ta da uban da ya wuce ni. Na zauna. Aka ba ni kunu na sha. Na tashi na tafi. Kwana biyu bayan haka ya cika, da la'asar.

Sale, kafin shi ma ya rasu, ya sha gaya mini cewa a ganinsa ba Sarki ne ya yi maganar nan ba, Ɗan Baƙo ne da kansa. Ya ce mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban garaya yana jin ta a ƙirji ko ba kunne, ya san ba a kaɗa ba. Na ce in haka ne, ke nan ya san ƙarya na yi masa, ya karɓa don kada in ji kunya, ya tafi da tsoron 'yarsa a ciki yana yi mana dariya. In kuwa Sarki ne, to yana nan bai tafi ba. Sale ya ce in zaɓi wanda ya fi mini sauƙi. Na duba, ba mai sauƙi a ciki.

Na ci gaba da neman mai garaya bayan mutuwarsa, ban ma san me zan yi da shi ba in na samu, tunda ba dokin da za a hau. Ban samu ba. Mai girka ma babu. Ni riƙewa kawai na iya, ba a koya mini haɗa jiƙon ba, kuma itatuwan da ake haɗa shi da su suna ƙarƙashin shinkafa.

Ladi ba ta san komai ba. Ban gaya mata ba, don in na faɗa na sa mata tsoro ne kawai, ba ni da maganin da zan bi shi da shi. Mijinta ne ya samo mini gadin wani siton shinkafa a ƙauyensu, yana ganin taimakon abokin surukinsa ya yi. Bai san ni na yi ta kewaye-kewaye har ya ambata ba. Siton yana kallon ƙofar gidansu. Tana aiko mini da tuwo, in ta fito unguwa ta tsaya ta ce Baba ina wuni, ni kuma in amsa ina duban idonta da yadda take taka ƙasa. Lafiyarta ƙalau har yau. Ran da aka ce tana ciwon kai ba na iya cin abinci sai na ga ta fito.

Nan nake yanzu, a kan benci a ƙofar sito. Ƙarfina ya ƙare, ko rabin buhu ba na ɗagawa. In Sarki ya zo ban san abin da zan yi ba. Amma a nan zai same ni a zaune.